Dashen itace ba ya wanke littafin bashi

Ga tallan da wani banki ya saki: ya daina buga rasit na takarda, ya dasa itatuwa, saboda haka wai ya zama banki mai kula da muhalli. Wannan yaudarar jama'a ce, kuma abin ya ɓata min rai.

Banki ba masana'anta ba ne. Hayaƙinsa na gaske yana cikin littafin bashinsa, wato wa ya ba kuɗi kuma don yin me. A 2021 ƙungiyar CDP, mai tattara bayanan hayaƙin kamfanoni, ta auna, ta gano cewa hayaƙin da cibiyoyin kuɗi ke ɗaukar nauyinsa ta hanyar bashi da zuba jari ya ninka na ofisoshinsu fiye da sau 700. Sau 700! Ana mana zancen rasit?

Lissafin ba boyayye ba ne. Tsarin PCAF, wanda cibiyoyin kuɗi ke bi don auna hayaƙin bashinsu, ya shimfiɗa shi: a ɗauki bashin da ya rage a kan kamfani, a raba da jimillar jari da bashin kamfanin. In ya kama kashi ɗaya cikin goma, to kashi ɗaya cikin goma na hayaƙin kamfanin yana wuyan bankin. Ka'idojin Equator kuma, waɗanda wasu bankuna suka amince su bi wajen ba manyan ayyuka bashi, tun 2003 suna nan: a yanzu duk aikin da ya kai dala miliyan 10 a sa shi rukunin A, B ko C gwargwadon haɗarinsa, in ya faɗa A ko B a yi binciken tasirinsa ga muhalli kafin a saki kuɗi.

A nan ake cin amana. Rahoton binciken yakan iso bayan kwamitin bashi ya riga ya sa hannu. Sharuɗɗan da aka rubuta a yarjejeniya ba wanda ke zuwa wurin aikin ya duba ko an cika su. Jami'in bashi kuwa ana ba shi lada ne kan yawan bashin da ya bayar, shi kuma mai kula da muhalli an ajiye shi a sashen talla, ba shi da ikon cewa a dakata. Ranar da hukuma ta rufe masana'antar saboda gubar da take zubarwa a kogi, ko ambaliya ta cinye kadarar da aka jinginar, bashin ya mutu, kuɗin masu ajiya ne ya tafi.

Za a ce min ai sola da ƙwan LED ma wani abu ne. Na yarda, suna rage kuɗin wuta, a ci gaba da sakawa. Amma ku nuna mana littafin bashi. Nawa ne ya tafi kwal da mai? Bashi nawa kuka ƙi bayarwa saboda muhalli?

Su ma batiran solar, na dalma ne da yawansu, shekaru kaɗan suke yi su mutu. Wa ke karɓarsu, kuma ina ake fasa su? Dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara, ban ga wannan a tallan ba.