Gaza: a Leicester ƙuri'a ta yi magana, a gida fa?

Da ratar ƙuri'a 979 aka kayar da Jonathan Ashworth a mazaɓar Leicester ta Kudu a zaɓen Yulin 2024. Mutumin jigo ne a jam'iyyar Labour, kowa ya ɗauka kujerar minista na jiran sa, kuma a zaɓen 2019 ya ba wanda ke bi masa ratar sama da ƙuri'a 22,000. A daren da jam'iyyarsa ke lashe kujeru ta ko'ina a Birtaniya, shi ya sha ƙasa a hannun Shockat Adam, mai gwajin ido da ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba. Babban abin da ya jawo wa Ashworth wannan kaye shi ne Gaza. A watan Nuwamban 2023 an kawo ƙudirin neman tsagaita wuta gaban majalisa, Ashworth bai mara masa baya ba, mutanen mazaɓarsa kuma suka ajiye abin a ransu har ranar akwati.

A wannan gari nake zaune. Mutanen gida sun san sunansa saboda ƙwallo, nan Ahmed Musa da Ndidi da Iheanacho suka taka leda. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai game da garin shi ne yadda mutanensa ke tafiyar da goyon bayan Falasɗinawa, kuma duk lokacin da na gani sai Kano da Kaduna da Zariya su faɗo mini.

Wajen jin zafin abin a zuciya, ban ga wanda ya kai mutanenmu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahu ana alƙunutu a masallatanmu, liman na ambaton Ƙudus da Gaza, dattawa na sheshsheƙar kuka, ya san ba riya ba ce. Mai shayi ya san sunan Rafah da Khan Yunus. Ɗan adaidaita sahu ya liƙa tutar Falasɗinu a bayan kekensa. Tsohuwar da ba ta taɓa fita daga jiharta ba tana sa yaran Gaza a addu'arta ta asuba. Ba na raina ko ɗaya daga cikin wannan, addu'a makamin mumini ce. Abin da ke damuna shi ne bayan an shafa, an fito daga masallaci, babu wata ƙofa da wannan zafin ke zuwa ya ƙwanƙwasa.

A nan kuwa ƙwanƙwasa ƙofa shi ne aikin. Ranar Asabar idan ka bi ta gindin hasumiyar agogo da ke tsakiyar gari, sau da yawa za ka tarar da ɗan tebur, da tuta, da tulin takardu an danne su da dutse saboda iska. Wadda ta fi tsayar da ni wata tsohuwa ce Baturiya, cikin rigar ruwa, hannunta na rawa saboda sanyi. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta nuna mini hoton gawa ba. Lambar unguwata ta tambaya. Da na faɗa, sai ta duba takardarta ta gaya mini sunan ɗan majalisata, da yadda ya kaɗa ƙuri'a kan tsagaita wuta, da ranar da yake zama ya saurari mutanen mazaɓa. Ta ce in rubuta masa da kalmomina, ko layi uku ne, domin ma'aikatansa na ƙirga wasiƙun da ke shigowa kan kowace magana. Wannan matar ba Musulma ba ce, ba ta da dangi a Gaza. Tana cikin waɗanda suka yi tattaki a Landan ranar 15 ga Fabrairun 2003 don hana yaƙin Iraƙi, taron da har yau ake cewa Birtaniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ba su hana yaƙin ba. Tony Blair ya yi abin da ya yi niyya. Amma ba su koma gida sun naɗe tabarma ba, kuma su ne suka koya wa yaran yanzu yadda ake ɗaukar hayar bas zuwa Landan, da yadda ake sanar da 'yan sanda hanyar da za a bi, da wanda za a kira idan an kama mutum.

Aikin ya daɗe a garin nan. Ƙungiyar Friends of Al-Aqsa mai fafutukar kare haƙƙin Falasɗinawa a Leicester aka kafa ta tun 1997. A 2014 majalisar birni ta zartar da ƙudirin ƙaurace wa kayan da ake samarwa a matsugunan da Isra'ila ta gina ba bisa ƙa'ida ba a Gaɓar Yamma. Aka maka majalisar a kotu, ta yi nasara a 2016, aka ɗaukaka ƙara, ta sake yin nasara a 2018. Ku duba matakin da aka yi wannan: kansiloli ne, irin waɗanda a gida ba ma tuna su sai an zo rabon taki. Kuma idan azumi ya kama, a shagunan unguwannin Highfields da Evington za ka ga magidanci ya ɗauki kwalin dabino yana jujjuya shi, ya sa tabarau yana karanta ƙananan rubutun baya don ya ga inda aka noma. Idan bai gamsu ba ya ajiye, ya gaya wa mai shago dalili. Masu shaguna da yawa sun daina sarin irin wannan dabinon saboda ya daina fita.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma kowannensu akwai wanda aka nufa da shi: mai shago, kansila, ɗan majalisa, masana'antar jirage marasa matuƙa da ke gefen gari mai alaƙa da Elbit, kamfanin makamai na Isra'ila, wadda masu fafutuka suka hau rufinta suka kwana kwanaki a watan Mayun 2021. Mutanen nan ba su ɓata lokaci wajen tsine wa Netanyahu, sun san ba ya jin su. Gwamnatinsu suke tuhuma, ita da ta ba da alƙawarin Balfour na kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu a 1917, ita ke ba da lasisin sayar da makamai, kuma da harajinsu take aiki.

Kada wani ya ɗauka ina cewa nan aljanna ce. A 2023 sakatariyar harkokin cikin gida ta lokacin, Suella Braverman, ta kira tattakin goyon bayan Falasɗinawa da ake yi na ƙiyayya. Gaskiya ne an sallame ta kwana biyu bayan tattakin 11 ga Nuwamban 2023, wanda 'yan sanda da kansu suka ce ya tara mutum kusan 300,000. Amma a watan Yulin 2025 gwamnatin Labour ta sa Palestine Action, ƙungiyar masu fafutukar da suka hau rufin masana'antar nan, cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci, kuma a rana ɗaya cikin Agusta an kama sama da mutum 500 a dandalin majalisa saboda riƙe kwalin nuna goyon baya ga ƙungiyar, da yawansu tsofaffi 'yan fansho. Abin da aka samu daga gwamnati ma bai taka kara ya karya ba. A Satumban 2024 an dakatar da lasisin sayar wa Isra'ila makamai 30 cikin kusan 350, aka tsame kayan gyaran jirgin yaƙi F-35 daga dakatarwar. A Satumban 2025 Birtaniya ta amince da ƙasar Falasɗinu, bayan an riga an mayar da yawancin Gaza kufai. Wanda ya rasa 'ya'yansa a Jabaliya ba zai kira wannan nasara ba. Sai dai ko wannan ɗan kaɗan ɗin ba da son ran masu mulki aka samu ba, tsoron akwatin zaɓe ne ya kawo shi.

Na san abin da ɗan'uwa a gida zai ce mini, kuma yana da gaskiya: kai kana can inda ɗan sanda ke kama mutum ya sake shi da yamma. A Zariya, ranar 25 ga Yulin 2014, sojoji sun buɗe wuta a muzaharar ranar Ƙudus, aka kashe sama da mutum 30, ciki har da 'ya'yan Sheikh Ibrahim Zakzaky uku. A Agustan 2024 matasa sun fito kan tsadar rayuwa, aka harbe wasu, aka kwashi yara ƙanana zuwa Abuja, duniya ta ga suna faɗuwa a gaban alƙali saboda yunwa. Wanda ke zaune a ƙasar da fita titi ke iya zama ajali, ba ni da bakin ce masa matsoraci. Ga kuma cikin da ba a cika ba. Magidancin da ke lissafin kwanon masara ba shi da sararin karanta bayan kwalin dabino.

Amma yawancin abin da na lissafa a sama ba ya bukatar fita titi. Kuma akwai cikas biyu da mu muka ɗora wa kanmu, ba soja ba.

Na farko, mun bar maganar Falasɗinu a fili ta zama ta ɓangare guda. Shekara da shekaru 'yan Shi'a ne ke fitowa ranar Juma'ar ƙarshe ta azumi, sai sauran jama'a suka ja baya don kada a jingina su da su. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa kowa na kuka a masallacinsa, amma a zauna a ɗaki ɗaya a rubuta takarda ɗaya zuwa ga sanata, wannan ya gagara. A Leicester na ga mai rawani da mai gajeren wando da ɗan gurguzu da Bayahude mai adawa da mamaya suna riƙe da ƙyalle ɗaya. Ba son juna suke ba, kuma bayan taro kowa na kama gabansa. Sun dai yarda a kan abu ɗaya: a daina kashe mutane da makaman ƙasarsu.

Na biyu ya fi ciwo. A Najeriya an mayar da abin kamar wasan ƙwallo tsakanin masallaci da coci, Musulmi na Falasɗinu, Kirista na Isra'ila. Wa ya zauna da maƙwabcinsa Kirista a Sabon Gari ko Barnawa ya gaya masa cewa Shireen Abu Akleh, 'yar jaridar da aka harbe a Jenin a 2022, Kirista ce? Ko cewa an kai hari harabar cocin Saint Porphyrius a Gaza a Oktoban 2023, mutanen da suka fake a ciki suka mutu? Muddin muna gabatar da maganar a matsayin ta Musulmi zalla, duk ɗan siyasar Najeriya zai kauce mata da sunan kiyaye zaman lafiya, kuma rabin ƙasa zai tafa masa.

Abin takaicin shi ne mun taɓa iyawa. Lokacin wariyar launin fata, Najeriya ta kafa asusun tallafa wa Kudancin Afirka a 1976, ma'aikata suka riƙa ba da wani kaso na albashinsu, ɗalibai suka haƙura da abincin rana suka ba da kuɗin. Murtala ya tsaya a Addis Ababa a farkon shekarar ya ƙi bin umarnin Amurka kan Angola. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP, kamfanin mai na Birtaniya. Babu wanda ya tambayi addinin mutanen Soweto kafin ya sa hannu a aljihu. Yau Afirka ta Kudun da muka tallafa ita ce ta kai Isra'ila kotun duniya a Disamban 2023, mu kuma muna tura bidiyon lauyoyinta a WhatsApp.

Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, kuma Shugaba Tinubu ya je taron Riyadh a Nuwamban 2024 ya yi kira a dakatar da yaƙin. Amma a ranar 30 ga Disamban 2014, lokacin da aka kawo ƙudirin kawo ƙarshen mamaya gaban Kwamitin Sulhu, ana bukatar ƙuri'a tara, aka samu takwas. Chadi ta ce e. Najeriya ta yi rowar ƙuri'arta. Ko da an samu taran Amurka za ta hau kujerar na-ƙi, wannan sananne ne, amma mu muka rage mata wahalar. Wata uku bayan haka aka yi babban zaɓe. Ban ji an tsayar da ɗan takara ko ɗaya a Kano ko Sakkwato an tambaye shi wannan ba.

Akwai kuma darasin da ya fi kusa da gida. Masu adawa da yaƙi a nan hannun ƙasarsu suke bi, duk inda ya taɓa. Mu hannun ƙasarmu ya taɓa Tudun Biri. Ranar 3 ga Disamban 2023, ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Gaza, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi, hukuma da kanta ta ƙirga gawa 85. An yi kuka, manya sun je jaje, an yi alƙawura, daga baya aka ce za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Wace ƙungiya ce ta riƙe fayil ɗin, take komawa duk wata tana tambaya ina aka kwana? Ga Sudan, inda dubban ɗaruruwan Hausawa ke zaune, tana ci da wuta tun Afrilun 2023. Wanda ya koyi bin kadin jinin Tudun Biri, shi ne zai iya bin kadin na Gaza, domin aikin iri ɗaya ne: sanin wanda ya sa hannu, da zuwa ƙofarsa, da komawa bayan an kore ka.

Zaɓen 2027 na tafe. 'Yan takara za su shigo unguwanni, su zauna a kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, su nemi albarkar limamai. Mutum goma sun isa, in da hali a samu fasto da shugabar mata a ciki, su riƙe takarda mai tambaya uku: me za ka ce a majalisa kan yadda Najeriya ke kaɗa ƙuri'a a kan Falasɗinu, wace hulɗar tsaro ke tsakaninmu da Isra'ila kuma wa ke duba ta, kuma ina sakamakon binciken Tudun Biri. A ɗauki amsarsa a waya, a rubuta ranar, a ajiye har ya dawo neman zango na biyu.