Tower Hamlets: kotu ta kore shi, akwatin zaɓe ya dawo da shi

Da aka fara bayyana sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Landan na ranar 5 ga Mayun 2022, jam'iyyar Leba ta wayi gari cikin shagali. Ta ƙwace Wandsworth daga hannun 'yan Conservative da suka riƙe ta tun 1978, ta ƙwace Westminster da ba ta taɓa mulka ba tun da aka kafa ta a 1964, ta haɗa da Barnet. Ana cikin wannan murnar sai labari ya zo daga gabashin birnin, daga Tower Hamlets da Leba ke ɗauka tamkar gidan gado. Lutfur Rahman, mutumin da kotun zaɓe ta tuɓe shekara bakwai kafin nan, ya kayar da magajin gari mai ci, John Biggs na Leba, da ƙuri'a 40,804 a kan 33,487. Jam'iyyarsa ta Aspire ta kwashe kujerun kansiloli 24 cikin 45, Leba ta tsira da 19.

Har yau ina ganin wannan ne sakamakon da ya fi cancantar a tsaya a kansa cikin duka ƙananan hukumomi 32 na Landan, kuma ina ganin yawancin masu sharhi sun yi masa karatun ganin dama.

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Whitechapel da ke Tower Hamlets zai ga sunanta a rubuce da Turanci da kuma harshen Bengali. Yana fitowa zai faɗa cikin rumfunan masu kifi da kayan miya da atamfofi da turare, ga babban masallacin gabashin Landan 'yar tafiya kaɗan. In ya ɗaga kai kuwa, dogayen benayen bankunan Canary Wharf zai hango, su ma cikin wannan ƙaramar hukuma suke. Dukiya da talauci suna kallon juna ta taga. Shekara da shekaru wurin yana sahun gaba a Birtaniya wajen yawan yaran da ke tashi cikin fatara. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 35 cikin ɗari na mazauna 'yan asalin Bangaladesh ne, Musulmi kuma kusan kashi 40.

A nan Rahman, haifaffen Sylhet ta Bangaladesh kuma lauya, ya yi siyasarsa. Ɗan Leba ne har 2010, lokacin da jam'iyyar ta karɓe takarar magajin gari da ya ci a zaɓen fitar da gwani. Ya tsaya da ƙafarsa ya yi nasara, ya maimaita a 2014. Sai wasu masu zaɓe huɗu suka kai ƙara, kuma a Afrilun 2015 alƙali Richard Mawrey ya soke zaɓen. Hukuncin bai yi masa da daɗi ba ko kaɗan: maguɗin ƙuri'u, rabon tallafin hukuma ga ƙungiyoyi don sayen goyon baya, da yi wa Biggs, abokin karawarsa a wancan zaɓen, ƙazafin wariyar launin fata. Aka hana shi takara shekara biyar, daga baya aka cire shi daga rajistar lauyoyi. Shi dai bai taɓa amsa laifi ba, 'yan sanda kuma suka ce ba su da isasshiyar hujjar gurfanar da kowa.

To me ya sa mutane suka sake zaɓensa? Amsar da ta fi sauƙi ita ce ƙabilanci: nasu ne, shi kenan. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma amsar malalata ce. Leba ma ta tsayar da 'yan Bengali da dama, an kuma kayar da wasunsu a unguwannin da suka tashi. Kuma waɗannan mutanen ne dai suka ba Biggs nasara a 2018. Ba a canza su ba cikin shekara huɗu.

Abin da ake mantawa shi ne aikin ƙaramar hukuma a can a bakin ƙofar mutum yake. Ita ke kwashe shara, ita ke raba gidajen haya na gwamnati da iyalai ke jira shekaru suna cunkushe a ɗaki biyu, ita ke kula da tsofaffi, ita ke karɓar harajin gida duk wata. A zamanin Rahman aka fara ciyar da duk ɗaliban firamare kyauta, aka kuma riƙa ba manyan ɗalibai 'ya'yan talakawa ɗan alawus bayan gwamnatin tsakiya ta ƙasar ta soke nata. Uwar da ta daina lissafin kuɗin abincin rana na yara uku ba za ta zauna karanta hukunci mai shafi 200 ba. Ciki ya riga ya yi mata bayani.

Sai kuma batun tituna. Gwamnatin Biggs ta toshe wasu layuka a Bethnal Green da manyan akwatunan katako da aka shuka furanni a ciki, don rage hayaƙi da gudun motoci. Mai keke ya ji daɗi. Amma direban tasi da zai kai tsohuwa asibiti, wanda tafiyar minti biyar ta koma masa zagaye, ya ɗauka an yi ne don sababbin baƙi masu kuɗi. Rahman ya yi alkawarin buɗe hanyoyin. Ni kaina ina ganin tsarin rage motocin yana da amfani, kuma talakan da ba shi da mota shi ya fi cin moriyarsa. Sai dai abu mai kyau in aka ɗora wa mutane shi ba da jin ta bakinsu ba, ranar zaɓe za su rama. Leba ta saki jiki, ta ɗauka hukuncin kotu ya gama mata aiki.

Duk da haka ba na tare da magoya bayansa da ke cewa talakawa sun wanke shi. Ƙuri'a tana ba da kujera, ba ta goge abin da aka tabbatar a gaban alƙali. Akwai sashe guda na hukuncin da zai ba mai karatu daga Kano ko Zariya mamaki. Gab da zaɓen 2014 wata jaridar Bengali ta buga wasiƙa ɗauke da sunayen limamai da malamai 101 suna mara wa Rahman baya, kotu kuma ta ce wannan matsin lamba ne ta hanyar addini, laifin da dokar Birtaniya ta sani tun ƙarni na 19. Mu da muka saba jin malami ya ambaci sunan ɗan takara a kan mumbari sai mu ce ina laifin? An yi ta gardama a can ma, har wasu malaman Kirista suka ce an tauye 'yancin malamai na faɗin ra'ayi. Ni dai ina ganin akwai tazara tsakanin malami ya ce wane nake so, da ya sa mabiyi ya ji kamar imaninsa ne ke cikin akwati. Na biyun ba nasiha ba ce, riƙe wuya ne. Kuma zancen ya shafi namu da ke zaune a can, domin 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da ƙuri'a a irin wannan zaɓe, albarkacin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila.

Wani abin da ya tsaya mini a rai: kansilolin Aspire 24 ɗin nan duka maza ne, duka 'yan asalin Bangaladesh. Ko mace ɗaya babu. Jam'iyyar da ta hau mulki da koken cewa an ware mutanenta, ita ce ta shiga zaure ta bar rabin al'umma a waje, ga Somaliyawa da Turawa da sauran baƙaƙen fata suna leƙe.

Bayan hawansa ya cika wani babban alkawari: daga Satumban 2023 ɗaliban sakandare ma suka fara cin abincin rana kyauta, abin da babu ƙaramar hukumar da ta riga Tower Hamlets yi a Ingila. A 2024 kuma gwamnati ta sake turo masu bincike, suka dawo da rahoton cewa harkar mulki ta taru a hannun 'yan tsirarun na kusa da magajin gari, har aka naɗa wakilai su sa ido. Shekara goma ke nan cif da turo irinsu a karon farko, lokacin da Eric Pickles ke minista, kuma a kan mutum guda.