Ku daina cewa aljanu ne suka hau Tanya Tagaq

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan bidiyon nan na mawaƙiyar Kanada Tanya Tagaq da ake ta turawa, inda take waƙa da gurnanin maƙogwaro, kowa sai dariya, wai aljanu sun hau ta, wai a nemo mai ruƙiyya. Haba jama'a! Abin da mutum bai sani ba ai tambaya yake yi.

Gurnanin da kuke ji daga maƙogwaronta tushensa katajjaq ne, wasan matan Inuit na can arewacin Kanada, ƙasar ƙanƙara. Mata biyu ke tsayawa fuska da fuska, kowace ta riƙe damtsen 'yar'uwarta, wannan ta ja numfashi da sauti waccan ta amsa, suna kwaikwayon iska ko kukan tsuntsu, har sai numfashin ɗaya ya ƙare ko dariya ta kuɓuce mata, to ita aka cinye. 'Yan mishan ne suka zo suka ce aikin shaiɗan ne suka hana, aka kwashe yara zuwa makarantun kwana inda ko yarensu ba a barinsu su yi. Maganar da kuke yi yau ita ce dai aka yi ta yi har abin ya kusa mutuwa. Ita ce dai sak!

Wani ya ce min ai ba na gargajiya take yi ba, ita kaɗai ce, ga goge ga ganga ga na'ura. To sai me? Tana karatu a Halifax, nesa da garinsu Cambridge Bay, da wa za ta tsaya? Kaset mahaifiyarta ta aika mata, a nan ta koya. A 2004 mawaƙiyar Iceland Björk ta sa muryar Tanya a kundinta Medúlla, a 2014 kundin Tanya mai suna Animism ya ci Polaris, kyautar waƙa ta Kanada, kuma ranar bikin tana waƙa sunayen mata 'yan asalin ƙasar kusan 1,200 da aka kashe ko suka ɓace suna wucewa a allo bayanta. Wannan kuke kira aljanu?

Abin da ya fi min ciwo ma zagin da aka yi mata don ta ɗauki hoton jaririyarta kusa da gawar sil, dabbar tekun da Inuit ke farauta. Naman su ci, fatar su yi sutura, a ƙasar da ba a noma, kayan abinci sai jirgi ya kawo da ɗan karen tsada. Me ake so su ci?