A Jadawali Ake Korar Ɗan Talaka Daga Jami'a

Jama'a, duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbi a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana, suka fito, unguwannin zango irin su Aboabo da Asawase da Sawaba sai murna. Ana yawo da hoton takardar a WhatsApp, ana barka. Amma ba mai komawa bayan shekara guda ya ƙirga nawa ne suka rage a aji. A ganina a nan gizo ke saƙar. Jami'a ba ta cewa ɗan talaka "fita", ranakun da ta tsara ne suke fitar da shi.

Ƙofar shiga kam an faɗaɗa ta, a yaba. Tun da aka fara sakandare kyauta a Satumban 2017 masu zana WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, suka ƙaru. KNUST ta daɗe tana ware gurabe ga ɗaliban makarantu marasa galihu, don ta san wanda ya haɗa maki 14 a darussa shida a makarantar da ba ɗakin gwaje-gwaje, ba lallai ya gaza mai maki 8 daga fitacciyar makaranta irin Prempeh ba (a wannan lissafi, ƙaramin maki shi ne mafi kyau). A 2022 asusun bashin ɗalibai ya daina neman mai tsaya wa ɗalibi, katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana ya wadatar. A 2025 gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin karatun shekarar farko.

To ina matsalar? Kuɗin na zuwa, amma ba a ranar da ake buƙatarsu ba. Ofishin kuɗi yana da ranar rufe rajista, masu ba da bashi suna da tasu ranar, kuma ba wanda ya ɗora kalandun biyu a tebur ɗaya. A Afrilun 2022 KNUST ta ɗage karatun ɗalibai sama da 6,000 saboda ba su biya kashi 70 cikin 100 na kuɗin makaranta ba. An ce wasu sun kashe kuɗin a wata hanya, to, ba a rasa irinsu ba. Amma ɗiyar mai sayar da waake (shinkafa da wake) da ake tara mata sidi-sidi fa, ita ma kuɗin goro aka yi musu. Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Duk wanda aka amince masa da bashi ko tallafi, a buɗe masa rajista da takardar amincewar, jami'a ta karɓi kuɗinta kai tsaye in sun iso. Sauran a raba musu biya kashi uku ko huɗu, a sanar da ranakun tun kafin hutu.

Sai wurin kwana, wanda ya fi kuɗin karatu karya iyaye. Ɗakunan cikin jami'a 'yan shekarar farko ake bai wa, daga nan kowa tasa ta fisshe shi a Ayeduase, Kotei ko Bomso, inda mai gida ke son kuɗin shekara a dunƙule. Rabon gadajen ma ta intanet ne, wanda ya riga ya samu. Wa zai riga? Mai kwamfuta da intanet a gida. Yaron da ke jiran wayar yayansa ta dawo daga kasuwa, kafin ya shiga an cinye. Wannan tsere ne, ba rabo ba. A cire wani kaso na gadaje tun kafin a buɗe shafin, a raba bisa buƙata: masu nakasa a hawan ƙasa, waɗanda suka fito daga arewa, sannan marasa ƙarfi. Ɗan Kumasi da aka ce "ai gida yake" ma a duba shi. Mai hawa trotro (motar haya) biyu kafin ya sauka a Tech Junction, mahaɗar da ke bakin jami'a, a sa masa lakca da sassafe, wata kuma da magariba, kuɗin mota da gajiya za su cinye shi kafin jarrabawa.

Dokar masu nakasa, mai lamba 715, ta fito a 2006, ta ba da shekara 10 a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a 2016. Kafin a samu kuɗin lif, akwai abin da ba ya cin ko kwabo: mai tsara jadawali ya karɓi sunayen masu keken guragu kafin ya raba ajujuwa, ba bayan ya liƙa ba. Da zarar an liƙa, sauya aji ɗaya sai ya taɓa darussa da yawa, shi ya sa ake cewa ɗalibi ya yi haƙuri, abokai su riƙa ɗaukarsa a matakala kamar buhun masara. Makaho kuma ya samu takardun darasi a kwamfuta tun makon farko, a rubuce, ba hoton shafi ba, don manhajar da ke karanta masa ba ta gane hoto.

Juma'a ma haka. A toshe 12:30 zuwa 2:30 a manhajar jadawali tun farko, magana ta ƙare, ba sai shugabannin GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, sun bi malamai ɗaya-ɗaya suna roƙo ba. Kuma kada mu mai da shi kukanmu mu kaɗai, Kiristoci masu ibadar Asabar suna shan irin wannan da jarrabawar ƙarshen mako.

Abin da ya kamata wakilan ɗalibai da sarakunan zango su nema a rubuce shi ne lissafi, ba jawabi ba. Cikin waɗanda aka ba gurbi, nawa ne ba su yi rajista ba? Nawa suka ɗage karatu, nawa suka dawo shekara ta biyu? A rarraba alƙaluman bisa jinsi, yanki, nakasa da rukunin sakandaren da aka fito, A, B ko C. Duk suna cikin kwamfutar magatakarda. A ajiye su gaban kwamitin da ke tsara kalandar karatu kafin ya zauna, don in ya riga ya sa hannu, sai kuma wata shekarar.