Riyal ɗinmu ke gyara famfon gari, ina kuɗin ƙaramar hukuma?

Jiya bayan isha'i ina zaune wurin mai shayi a Shara Mansur, nan Makka, sai ga waya daga gida. Inna ce. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ɗan nan, famfon unguwa ya sake mutuwa, yau kwana tara yara na zuwa rafi." Karo na uku ke nan a bana. Biyun farko mu muka haɗa kuɗin gyara, mu 'yan garin da ke Makka da Jidda, wani riyal hamsin, wani ɗari. Ni direba ne. Abin da ya saura bayan kuɗin ɗaki da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinsa nake yago wa gari. Wallahi daren jiya ban runtsa ba don takaici.

Na kira Yaya na ce, ina kansilanmu? Ya ce tun ranar rantsuwa ya tare a birni, lambarsa ma ba ta shiga. To don me zai ɗaga wayarmu? Ba mu muka ba shi kujerar ba. Ranar zaɓen Yaya ya tsaya a rumfa tun hantsi har la'asar sakaliya, ko akwati bai gani ba, da daddare ya ji rediyo na faɗin wanda ya ci. Tun kafin nan ma an gama magana a jam'iyya. Ba a yi fid da gwani ba, manya suka zauna a ɗaki suka ce an yi maslaha, aka ɗauko yaron wani aka ɗora mana. Wanda aka ɗora daga sama, sama yake kallo.

Kada wani ya ce mini laifin jam'iyya ɗaya ne. Kowa ya ga Kano. A Janairun 2021 APC na mulki, ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484. A Oktoban 2024 NNPP na mulki, ita ma ta kwashe 44 da 484, ko mazaɓa ɗaya ba ta kuɓuce ba. A Kaduna, a Oktoban 2024 ɗin dai, APC ta ɗauke ciyamomi 23 cif. Jama'ar da kan limancin masallacin unguwa ma sai sun rabu biyu, su ne za su haɗu a kan jam'iyya guda tun daga birni har ƙauyen ƙayau? Gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha, hukumar ta shirya zaɓe, jam'iyyarsa ta lashe. 'Yan adawa su yi ihun kwana biyu, ran da mulki ya faɗo hannunsu su maimaita abin da suka zaga.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma babu kuɗi ga kantomomin riƙo, har kabbara muka yi a nan wurin mai shayin. Amma ciyaman ɗin da gwamna ya tsamo da hannunsa, ko a aljihu aka zuba masa kuɗin, ya san ƙofar da zai kai su.

A nan Saudiyya babu jam'iyya ko ɗaya. Sun yi zaɓen majalisun baladiyya, wato ƙananan hukumominsu, a 2005 da 2011 da 2015, a na ƙarshen ne mata suka fara jefa ƙuri'a, kowane ɗan takara da sunansa ya tsaya. Mu masu iƙama ba mu ciki, kuma ban ji zafi ba, ƙasar mutane ce. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙasata, inda aka binne cibiyata. Dokarta ba ta ba mazauna waje damar zaɓe ba, na gida kuma an bar su a rana da kati a hannu. Amma in famfo ya mutu, ko kwalbati ta rufta, ko rufin aji ya yaye, lambar Makka ake nema.

Na ce da Inna ta yi haƙuri zuwa Alhamis. Yau da safe na fara bin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo mai wankin mota a Misfala ya miƙo riyal ashirin, ya ce su ke nan gare shi sai ƙarshen wata.