Ku fara gyara mana layin Ƙaura Namoda tukuna

Wallahi abin ya ɓata mini rai. Ina ta ganin 'yan uwanmu na Zamfara suna yaɗa bidiyon jirgin ƙasan nan mai gudun gaske na dala biliyan 60, wanda aka ce zai haɗa Legas, Abuja, Kano da Fatakwal, kowa na tafi. Jama'a, a wannan taswirar ina Gusau? Ina Ƙaura Namoda?

Mu fa muna da layin dogo. Tun 1929 Turawa suka kai shi Ƙaura daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ana lodin gyaɗa da auduga. Yau je ka duba: ciyawa ta binne ƙarfen, awaki na kwance a kai suna tuƙa. Wannan shi ne namu, shi za a gyara.

Wani ya ce mini tsohon layi ne mai ƙaramin faɗi, ba zai ɗauki gudu ba. Malam, wa ya roƙi gudu? Irin na Maroko mai kilomita 320 a awa sai da sabon layi miƙaƙƙe, da shinge, da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Mu a faɗaɗa mana namu kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, a sa kan jirgi mai dizal, ya tashi kan lokaci. Tsohuwa mai zuwa asibiti Shika ta samu wurin zama da banɗaki, ɗan kasuwa ya sa buhunansa a tarago. Shi ke nan.

Masu cewa tsaro kuma, na san harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma hanyar Funtuwa zuwa Tsafe lafiya take? Duk mai bin ta sai ya bar gida cikin addu'a, uwa ba ta sakewa sai ta ji waya an sauka. A gyara layin, a tsare shi.

An ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi a 2021, zai bi ta Jibiya, nan bakin iyakarmu. Wakilanmu na majalisa me suka ce?

Kebbi ma ta fi ba ni tausayi. Duk shinkafar Argungu da albasar Aliero, ko taku ɗaya na layin dogo babu, komai sai tirela, ga kuɗin dizal, ga shingaye a hanya, albasa ta fara ruɓewa kafin ta isa kudu.