Kewar finafinan yarinta ba za ta hana kaset ruɓewa ba

Duk mai bin shafukan Hausa a Facebook ko TikTok ya saba da wannan. Wani zai ɗora guntun tsohon fim na minti ɗaya, hoton ya dishe, kala ta zube, sautin waƙar yana rawa, amma kafin a jima jama'a sun cika ƙasan suna "Allah sarki duniya", "wannan ya tuna mini gidan kakata", "Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu". Can cikin sharhin sai ka ga wani ya tambaya: "Don Allah ina zan samu cikakkensa?" Sau da yawa ba mai ba shi amsa. Wannan tambayar ce ya kamata ta dame mu, domin amsarta ta gaskiya ita ce finafinai da yawa da muka tashi da su suna dab da ɓacewa, wasu ma sun riga sun tafi.

Waɗanda ke wannan kewar su ne yaran da suka yi wayo tsakanin 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, zuwa tsakiyar shekarun 2000 lokacin da faifai ya kori kaset. Su ne suka san zaman tabarma a falon maƙwabcin da ke da bidiyo, da leƙe ta taga idan ɗaki ya cika, da aiken yaro shagon haya ya karɓo kaset kafin magariba. Sun kalli na Indiya ma, har iyayensu suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi. Amma finafinan Indiya suna da masu su. Ƙasar tana da gidan adana finafinai a Pune tun 1964, kamfanoninta kuma suna gyara tsofaffin ayyukansu suna sake sayar da su. Namu na Hausa kuwa mafi yawansu suna cikin buhu ko kwali a sito, ƙarƙashin rufin kwano.

Akwai masu cewa kewa yaudara ce, in ka sake kallon fim ɗin da ka haukace a kansa kana ɗan shekara goma za ka ga labarin bai kai yadda kake tunawa ba, abin da kake nema shi ne mutanen da kuka kalla tare. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wasu kuma tun a wancan zamanin suna ganin finafinan kwaikwayon Indiya ne kawai da rawa da waƙa. Ko an yarda da su, hujjar adanawa ba ta faɗi ba. A cikin waɗannan kasakasan akwai titunan Kano kafin gadojin sama, akwai ɗinki da ɗaurin ɗankwalin da aka daina, akwai Hausar matasan lokacin, akwai fuska da muryar Ahmad S. Nuhu da ya rasu a 2007 da Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014. Mai binciken harshe ko tarihin gari nan da shekara talatin ba zai tambayi ko fim ɗin ya yi daɗi ba.

Kaset ɗin VHS ba abu ne mai ƙarko ba. Zarensa leda ce mai faɗin rabin inci, an shafe ta da ƙurar ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, wani irin gam ne ke riƙe da ƙurar a jikin ledar. Kaset na awa uku, wanda aka rubuta wa E-180, yana ɗauke da zare sama da mita 250 a naɗe. Gam ɗin nan shi ne lagonsa. Yana shan danshin iska a hankali har ya saki, sai zaren ya yi danƙo, ya riƙa barin baƙar dauɗa a cikin na'ura, hoton da ke jikinsa yana bin dauɗar. Idan laima ta daɗe sama da kashi 65 cikin ɗari, fumfuna kan kama gefen naɗin, za ka gan ta fari-fari ta tagar kaset ɗin kamar an barbaɗa gari. Masu adana irin waɗannan kaya suna neman ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 20 ba, da laima wajen kashi 30 zuwa 40. Kwatanta wannan da sito a Kano: zafin Afrilu ya haura digiri 40, laimar Agusta ta biyo baya, sannan ƙurar hunturu ta shiga ko'ina. Kaset ɗin da aka buga a 1999 ya sha wannan zagaye fiye da sau ashirin da biyar.

Sai kuma yadda aka riƙa yin kasuwar. Furodusa kan kai masta, wato kaset na asali da ake kwafa daga gare shi, wurin 'yan kasuwa, irin na Ƙofar Wambai, ya sayar musu da kwalin fim ɗin da ya buga, su kuma su jera bidiyoyi su yi ta kwafa a kan kasakasan da babu komai. Kowace kwafa daga kaset zuwa kaset tana rage kaifin hoto, kala ta fara malala daga gefen fuska, sauti ya ƙara shuu. Wanda ya isa Zinder ko Kumasi wataƙila jikan masta ne ko tattaɓa-kunnensa. Saboda haka ba kowane kaset ne daidai da ɗan'uwansa ba. Abin nema na farko shi ne masta, wanda yake hannun furodusa, ko editan da ya haɗa fim ɗin, ko magadansu. Idan babu, a tara kwafi biyu ko uku na fim ɗaya a zaɓi mafi kyau, wani lokacin ma a ɗauki farkon wannan a haɗa da ƙarshen wancan.

Lokaci ya fi ƙurewa ta wajen na'urar ma fiye da ta wajen kaset. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Duk wadda ta rage tsohuwa ce. Bel ɗinta na roba ya saki, ƴar tayar da ke matse zare ta bushe ta tsage, masu gyaran da suka san cikinta kuma sun koma gyaran waya ko sun tsufa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsinci tsohon kaset, doki ya kama shi, ya cusa shi a bidiyon da ta shekara goma ba a kunna ba. A nan ake asarar fim. Kafin komai a duba kaset ɗin da ido. In akwai fumfuna a ware shi cikin leda shi kaɗai, kada ya shiga na'ura, domin zai toshe kan bidiyon, wato ɓangaren da ke karanta zare, kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da zai biyo baya. In yana da tsabta, a ɓalle ɗan harshen robar da ke bayansa don kada a danna maɓallin ɗauka bisa kuskure a goge shi. A bar shi kwana guda a ɗakin da za a yi aikin ya saba da yanayin wurin. Sannan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya, naɗin ya daidaita. In an ji yana ƙara kamar kukan ɓera ko yana tsayawa, a dakata, gam ɗin ne ya saki, wannan aikin ƙwararre ne.

Ita ma bidiyon sai an gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Ana goge kanta da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 99, a ɗiga a farar takarda, a dafa takardar a jikin gangar ƙarfen da ke ɗauke da kawunan karanta zare, a juya gangar da yatsa a hankali. Ba a sa auduga, domin zarenta yana maƙalewa, kuma ba a gogawa sama da ƙasa, domin ƙananan kawunan suna karyewa. Wuta kuwa dole ta fito daga inbata ko batir mai riƙe wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana barin zare a naɗe a jikin ganga, mai ƙoƙarin zaro shi da hannu kuma yakan yamutsa shi. Sautin da yawancin kasakasan nan ke ɗauke da shi yana kan siririn layi ne a gefen zaren, don haka gefe na lanƙwashewa murya ta tafi.

Daga bidiyo zuwa kwamfuta ana bukatar ƴar na'urar ɗaukar hoto mai shiga ta USB. Idan da hali a sa na'urar daidaita sigina da ake kira TBC a tsakani, ita ke hana hoto karkacewa daga sama da tsalle-tsalle. Nijeriya tsarin PAL take bi, saboda haka a ɗauka a ma'aunin 720 da 576, hotuna 25 a daƙiƙa, a siffarsa ta asali ta 4:3. Kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin a Nijar zai iya zama na tsarin SECAM, wanda bidiyon da ba ta san shi ba za ta nuna shi fari da baƙi, sai a nemi mai karɓar tsari da yawa. Ba a gaggauta wannan aiki: fim na awa biyu awa biyu zai ci, kuma sai mutum ya zauna yana kallo, yana gyara layin da ke ratsa hoto idan ya taso. Fayil na farko a bar shi da nauyinsa. A tsarin DV awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13, a tsarin FFV1 da gidajen adana tarihi suka fi so tana cin ninki biyu ko uku na haka. Daga wannan uwar ake cire ƙaramin kwafi na gigabait ɗaya ko biyu don kallo a waya. A ajiye uwar a wuri uku, ɗaya a wani gini dabam, domin rumbun kwamfuta ma yana mutuwa ba sallama.

Faifan VCD ya fi sauƙi. Ba a bukatar kunna shi a ɗauka, a buɗe shi a kwamfuta kawai a kwafe fayil ɗin DAT da ke cikin jakar MPEGAV. Sai dai hotonsa 352 da 288 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake samu in an ɗauki masta, don haka in fim ya fito a kaset da faifai duka, kada a yar da kaset don an samu faifai.

Wani zai ce ai an riga an zuba su a YouTube. Masu yin haka sun taimaka, kuma da ba don su ba da wasu finafinan ko sunansu ba za a ƙara ji ba. Amma dubi abin da ake ɗorawa. An ja hoton ya cika faffaɗan allo har fuskoki sun baje, an manna tambarin tasha a tsakiya, an yanke sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe, wato an cire ainihin shaidar wanda ya rubuta, wanda ya ɗauka, wanda ya rera. Shafin kuma yana matse fayil ɗin ya ƙara rage shi, ranar da aka rufe tashar komai ya tafi. Wurin nuni ne, ba rumbu ba.

Akwai batun haƙƙi, kuma ba ƙarami ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare fim shekara 50 daga fitowarsa, ke nan ko na 1990 yana da mai shi har 2040. Bayan doka akwai mutunci. Da yawa daga matan da suka yi fim a wancan lokacin sun yi aure, sun hayayyafa, wasu ba sa son rawar ƙuruciyarsu tana yawo a wayoyin surukai. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ita ce ke sa wasu iyalai ɓoye kaset ko ƙona shi. Hanyar fita ita ce a raba adanawa da yaɗawa. A yi yarjejeniya a rubuce da mai fim: gidan adanawa zai riƙe kwafi, mai bincike zai iya kallo a wurin, sakin sa ga duniya kuma sai da izini.

An taɓa ganin irin wannan ceto. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai aka gano naɗe-naɗensa cikin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Wancan fim ɗaya ne, na gwamnati, a kan zaren silima. Na bidiyo suna da ɗimbin yawa, suna warwatse a hannun mutane, kuma ba wata cibiyar Turai da za ta zo ta bi sito-sito a Fagge tana nemansu.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Tebur ɗaya, da bidiyo biyu masu lafiya, da ma'aikaci ɗaya mai ɗaukar kaset biyu a rana, zai kammala kusan 500 a shekara. In kowanne awa biyu ne, a tsarin DV duka ba su wuce terabait 13 ba. Jami'ar Bayero, da Gidan Ɗan Hausa, da Arewa House a Kaduna, da gidan adana finafinai na ƙasa da ke Jos, kowannensu zai iya ɗaukar wannan, musamman in ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta shige gaba wajen shawo kan furodusoshi su fito da masta, da alkawarin za a mayar musu da kayansu haɗe da kwafin kwamfuta.

Kuma kada a tsaya kan zare kaɗai. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, domin sau da yawa a nan kawai sunan kamfani da na ma'aikata suka rage. A zaunar da darakta ko mai ɗaukar hoto in yana raye, a kunna masa fim ɗin, a naɗi bayaninsa: wace shekara aka yi, gidan wa aka ara, wace ce ta rera waƙar da jarumar ke motsa baki a kai. Masu kaset a gida kuma, kafin a kai ga duk wannan, su fito da su daga buhu, su jera su a tsaye kamar littattafai a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa, nesa da lasifika, su rubuta sunayen abin da suke da shi a takarda.